Turken da Muka Ara a Bakin Burtali

Malaminmu na tarihi, wanda muke kira Mushe kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal, wato makarantar boko, mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Shekarar da muke ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ta Dakoro, saura 'yan makonni mu zauna jarrabawar fita da ake kira bak, sai ya shigo aji yana murza hannu, ya ce kowa ya shirya ranar Asabar, ya samo mana mota. Wai za mu tsaya wurin sojojin da ke kan hanyar arewa su yi mana bayani kan tsaron iyaka, mu wuce gandun daji mu ga barewa da raƙumin dawa, a tsakani kuma ya ƙarasa mana darasin da ya ƙi shiga kanmu, wato yadda Yahudawa suka kafa ƙasa a Falasɗinu. Na ce a raina wannan bawan Allah ba shi da aikin yi. Mutane na fama da bita ba ji ba gani, shi yana zancen barewa.

Ni ɗan maƙera ne, maƙerarmu na bayan kasuwa, kuma tun ina ƙarami an san ni da saurin hannu da saurin baki. Wanda muke zama benci ɗaya da shi Bafillace ne, dogo, siriri, mai magana a hankali kamar ba ya son a ji. Maƙeri da Bafillace abokan wasa ne tun kaka da kakanni, don haka kullum cikin tsokana muke. In ce masa bawana, ya ce ni ne bawansa, tunda ko allura yake so sai na zauna bakin wuta na ƙera masa. Amma a zauren gidanmu yake kwana, a akushinmu yake ci, don iyayensa na daji da shanu can wajen Ajekoriya.

Shekararsa ta biyu ke nan a ajin. Bara zazzaɓi ya kwantar da shi ana tsakiyar jarrabawa, ya faɗi. Ubansa ya zo har ƙofar maƙera ya ce ya tattara kayansa, yayyensa sun watse, ba mai ja masa guga a rijiya sai shi da tsufansa. Babana ne ya yi ta ba shi baki har ya yarda da ƙarin shekara. Shekara ɗaya tak, in ji tsohon, in bai ci ba ya ajiye bik, wato biro, da takarda ya zo ya kama igiya. Duk ajin mun san da wannan magana. Abokin nawa kuwa ya rame don karatu, kuma shi ya fi kowa ɗokin tafiyar, don ya ce wannan darasin na yawan fitowa a bak.

Ana jibi mu tafi aka yi ruwan shuka. Ran Asabar ƙasa ta yi sanyi, ƙamshinta na tashi, duk inda ka duba mutane ne a gonaki, namiji na gaba yana sara da sungumi, mata da yara na biye suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Motarmu tsohuwar motar kasuwa ce mai buɗaɗɗen baya. 'Yan mata suka zauna a tabarma a tsakiya, mu muka hau ƙarafan gefe muna ihu muna ɗaga wa manoma hannu.

Sojojin sun karɓe mu da fara'a. Babbansu ya shimfiɗa taswira a kan gaban motarsu, ya bi iyakarmu da Nijeriya da yatsa, ya ce babu katanga babu shinge, mutum na iya yin alwala a wannan ƙasa ya yi salla a waccan. Ya ce ta nan shanun sata da bindigogi ke bi a kan babura, kuma soja ba ya iya ganin komai sai mutanen gari sun zama idonsa. Aka bar mu muka leƙa madubin hangen nesa ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan ajinmu mutumin Korahane, ƙato, ɗan manoma mai surutun tsiya, ya roƙi a ba shi bindiga ya riƙe. Sojan ya ce ya fara cin bak tukuna, muka yi ta dariya.

Da hantsi ya ɗaga muka isa inda gonaki ke ƙarewa, dab da gangaren Tarka. Mushe ya sa aka tsaya a ƙarƙashin wani babban gawo a bakin burtali, wato hanyar da aka ware wa dabbobi tsakanin gonaki don su hau arewa da damina su sauko da kaka. Gefe da gefe an kafa turakun siminti masu fenti ja da fari. Daga turke zuwa ciki na makiyayi ne, daga turke zuwa waje na manomi ne, kuma duk ɗan ƙasar nan ya san an sha zubar da jini kafin a kafa su. Wurin ya yi kyau ranar, ba zan ɓoye ba. Jajayen ƙwarin nan masu laushi da ke fitowa bayan ruwan fari sun cika rairayi, sabara ta fara toho, har muka tayar da wani tuje ya tashi da ƙyar yana kaɗa fukafukai.

Mushe ya tsaya ya fara. Ya ce Yahudawa sun daɗe a warwatse cikin ƙasashen Turai, ana korarsu ana kashe su, har wasu daga cikinsu suka ce ba su da mafita sai su koma ƙasar da suke cewa ta kakanninsu ce. Wannan tunanin shi littafinmu ke kira siyonizim. Suka riƙa zuwa a jiragen ruwa, suna sayen filaye, suna kafa ƙauyuka. Amma ƙasar ba kango ba ce, akwai Larabawa a cikinta da gonakinsu da bisashensu da kaburburan iyayensu. Daga baya manyan ƙasashe suka zauna suka ja layi a takarda, aka ce nan naku nan nasu, yaƙi ya ɓarke, ɗimbin mutane suka bar gidajensu ba su koma ba. Nan take aji ya kaure da gardama. Mutumin Korahane ya ce wanda aka tarar yana noma shi ke da ƙasa, magana ta ƙare. Wani Buzu ɗan ajinmu ya ce to wanda kakansa ya haƙa rijiya a wuri ya tafi kiwo ya dawo fa? Mushe ya ɗaga hannu ya ce jarrabawa ba ta tambayar wa kake so, tana tambayar yadda abin ya faru, kuma ya kawo mu nan ne don mu ga da idonmu yadda layin takarda ke zama in ya sauko ƙasa. Abokina na durƙushe yana rubutu a kan gwiwarsa, bai ɗago kai ba sam.

Da muka hau mota za mu wuce, direba ya so ya yanke ta bakin burtali ya hau hanya. Wurin kwari ne, ruwa ya kwanta ya shanye. Ƙafar baya ta nutse har gindi. Muka sauko muka tura, muka haƙa da hannu, muka karyo sabara muka cusa, a banza. Direba ya fito da ƙarfen ɗaga mota, amma duk inda ya kafa shi sai ya lume cikin jiƙaƙƙen rairayi. Yana neman abu mai tauri da zai ɗora shi a kai, ƙasarmu kuwa ka yi tafiyar yini ba ka ga dutsen da ya kai kan jariri ba. Sai idonsa ya faɗa kan turken da ke kusa da mu, wanda ruwa ya riga ya zaizaye gindinsa har ya karkace.

Ya ce, "Mushe, mu ari wanga. Da mun fita sai mu maida shi raminshi."

Ba wanda bai san abin da turken yake ba a cikinmu, yanzun nan aka gama yi mana darasi a gindinsa. Amma aro aka ce. Mu a nan har garwashi ana ara, balle abin da ke tsaye ba mai amfani da shi. Mushe ya dubi agogo, ya dubi rana, ya ce a yi maza. Samari suka girgiza turken suka tumɓuke, aka kwantar da shi a ƙarƙashin mota. Dabarar ta yi. Direba ya ɗaga mota, muka cusa itace, ya ba ta wuta gaba da baya, gaba da baya, tana watsa laka, mu kuma muna biye muna turawa muna kabbara, har ta fita ta hau tudu.

Sai aka juyo a mai da turke, aka rasa ramin.

Wallahi ƙafafun mota da namu sun dame wurin kamar an yi kwaɓin ginin ɗaki. Babu rami, babu alamarsa. A ce a daidaita da sauran turakun, wurin kwana ne, na gaba yana bayan tudu, na baya kuwa ya daɗe da karyewa. Layukan shukar da ke bakin gonar ma mun tattake su ba mu sani ba.

Mutumin Korahane ya taka wani wuri ya ce, "Nan yake, ni da hannuna na tumɓuke shi."

Buzun ya matsa can cikin gona ya ce, "Ƙarya kake. Nan yake, ga inda na aje takalmina."

Tsakaninsu bai wuce tsawon igiyar ɗaure akuya ba. Amma kafin ka ce me, aji ya rabu biyu. 'Ya'yan manoma duk suka tuna turken na wajen burtali, 'ya'yan makiyaya duk suka tuna yana wajen gona, kuma kowa na rantsuwa da Allah. Abin da ya fi ba ni tsoro har yau shi ne ban ga alamar akwai mai ƙarya da gangan a cikinsu ba. Ni dai ban tuna ba, na faɗa, aka ce in rufe baki, maƙeri ba shi da gona ba shi da saniya. Mutumin Korahane ya ce haka Buzaye da Fulani suke, kullum cin gonar mutane. Buzun ya ce ai ku kuka cinye dajin duka, har bakin rijiya kuna shuka. Sai mari. Sai naushi. Mutanen da suka shekara suna cin ƙosai a takarda ɗaya suka kama wuyan juna suna birgima cikin laka. Wani ya fasa wa wani hanci. Na shiga raba su, wani ya zagi uwata, na manta da rabon na kai masa naushi a baki. Mushe na ta ihu da Faransanci, ba mai jin sa.

Abokina bai shiga ba. Ya je ya kama turken shi kaɗai, ya ja shi da ƙyar har tsakiyar wuraren biyu, ya tayar da shi tsaye, ya dafa kansa da hannun dama don kada ya faɗi.

Ya ce, "Don Allah ku bari. Ga tsakiya. Ku kawo ƙasa a cike mu tafi, rana na yi."

Ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba, har wasu suka tsaya. Ashe ihunmu ya kai kunnen mai gonar da ke shuka a bayan tudu. Ya ɓullo da gudu, dattijo ne mai furfura a gemu, da sungumi a hannu, 'ya'yansa samari na biye da shi. Ka tsaya a inda ya tsaya ka ga abin da ya gani: shukarsa ta safe an tattake, turken burtali ya bar wurinsa ya shigo inda yake ganin gonarsa ce, ga kuma Bafillace tsaye yana kafa shi. Bai yi sallama ba, bai tambayi kowa ba.

Abokina ya buɗe baki ya ce, "Baba, 'yan lakwal ne mu..."

Bai ƙarasa ba sungumi ya sauka. Ni na san ƙarfen sungumi, a gabana ake ƙera shi, na san abin da yake yi wa busasshiyar ƙasa balle ƙashi. Hannun na kan siminti, ba inda zai goce. Na ji ƙarar, ƙwas, kamar an fasa busasshiyar ƙwarya. Jini ya fito ya bi jikin turken. Abokina bai yi kuka ba da farko, ya ɗaga hannun yana kallonsa, yatsu biyu na reto a jikin fata. Dattijon ya juya ƙotar ya ƙara masa a goshi, ya faɗi, turken ya faɗo masa a ƙafa.

Daga nan idona ya rufe. Na yi tsalle na cakumi dattijon a wuya na kai masa karo da ka, muka faɗi tare. Ina kansa ina duka ina zagi, ɗansa ya zo ta gefe ya maka mini ƙotar sungumi a baki. Na ji haƙorana a kan harshena kamar tsakuwa, na tofar da su da jini. Maƙwabtan gona suka yo ca da sanduna da adduna, suna ihun Fulani sun tumɓuke turke. Ba su tsaya bambance ɗan wane da ɗan wane ba, duk wanda ya sauko daga motar nan abin duka ne. Mutumin Korahane, wanda yanzu-yanzu yake faɗa don gonar, shi suka fara kwantarwa. Yana cewa shi ma ɗan manomi ne, suna zuba masa sanda a haƙarƙari. Wani ya kai wa gilashin mota adda ya tarwatse a fuskar direba. 'Yan mata na kururuwa.

Ana cikin haka garke ya ɓullo ta cikin burtali, jajayen shanu masu dogayen ƙaho suna hawa arewa, da samarin Fulani a gaba da baya. Ba su san abokina ba, ba danginsa ba ne. Fuskarsa kawai suka gani a ƙasa cikin jini, da manoma a kansa. Suka yi wata irin kuwwa suka afko da sanduna, ɗaya ya zare takobi. Sandar makiyayi ba irin ta kowa ba ce, a ka take sauka kuma ba ta kuskure. Na ga kan wani saurayi ya tsage, jini ya rufe masa ido, yana lalube yana kiran uwarsa. Mutumin Korahane ya samu ya miƙe yana rantsuwa shi ɗan manomi ne, wannan karon makiyaya suka ji shi, suka sake kwantar da shi. Mai takobin ya sari dattijon a kafaɗa, dattijon ya zauna daɓas a cikin shukarsa yana kallon rigarsa na jiƙewa.

Shanu suka firgita suka watse cikin gonaki, suka bi ta kan mutane. Wata ta taka wani ɗan ajinmu a ciki. Wani manomi ya bi wata saniya ya sare mata agara da adda, ta durƙushe tana wani irin kuka da ban taɓa ji daga bakin dabba ba, tana ja da ƙafafun gaba. Mushe ya shiga tsakiya da hannuwa a sama, yana cewa laifinsa ne, shi ya sa aka ɗauki turken, a doke shi a bar yara. Aka kuwa doke shi. Ban san ko na wane ɓangare ne ya karya masa hannu ba, shi ma bai sani ba.

Wata 'yar ajinmu mutuniyar Birnin Lalle, wadda shekara guda ban ji muryarta a aji ba, ita ta diro daga mota ta ratsa cikin sandunan ta kama abokina ta ƙafa. Ta daka mini tsawa ta ce, "Kai ɗan maƙera, bar faɗan banza ka kama shi!" Na saki wanda nake riƙe da shi. Muka ɗaga shi muka jefa a mota. Ta cire ɗankwalinta ta ɗaure masa wuyan hannu tamau, ta naɗe yatsun da ke reto a cikin gefen zanenta. Direba ya tayar da mota yana share jini daga ido da hannun riga, waɗanda ke iya gudu suka ɗare, muka ja waɗanda ba sa iyawa. Muka bar mutanen can suna ta yi, don faɗan ya riga ya fi ƙarfinmu, ya koma nasu.

A hanya abokina ya farfaɗo. Kansa na kan cinyata, jinin bakina na ɗiga a rigarsa. Ya ce in duba masa hannun, wai ba ya jin sa. Na ce lafiya lau, ƙaramin rauni ne. Ya ce, "Maƙeri, ba ka iya ƙarya ba." Can ya ce kada a aika wa babansa sai bayan bak. Na yi kuka a motar nan kamar ƙaramin yaro, ban ji kunyar 'yan mata ba.

Sojojin da muka yi dariya da su da safe suka gan mu cikin jini. Suka cika mota suka nufi wurin. An ce ba a rasa rai ba, dattijon ma ya rayu, kuma daga baya jandarma da wakilan sarki sun zauna an yi sulhu an sake kafa turken. Ban je ba, ban kuma tambayi inda aka kafa shi ba.

Daga asibitin Dakoro aka wuce da abokina Maraɗi. Likita ya cire yatsu biyun, manuniya da na tsakiya. Babban yatsa ya tsira amma ya sandare, ba ya lanƙwasa. Mushe na zuwa kullum da hannunsa a rataye a wuya, ya zauna bakin gado. Ni ban gaishe shi ba ko sau ɗaya. Na san ba mugunta ya yi ba, na san shi ya tsaya aka doke shi dominmu, amma da na gan shi sai zuciyata ta tafasa, kuma har yau in na tuna yadda ya dubi agogon nan raina na ɓaci. Abokina kuwa shi ke ba shi haƙuri.

Tun yana gadon asibiti ya ce in kawo masa takarda, zai koyi rubutu da hagu. Ya dawo zaurenmu ya duƙufa. Harafi ɗaya sai ya yi gumi kafin ya fito, layi na hawa yana sauka kamar sawun kaza. Abin duk yana kansa, in na tambaye shi ya zuba mini amsa tiryan-tiryan, har ni na ƙaru da shi. Amma bak ba a yin ta da baki. Ya shiga ɗakin jarrabawa da hannu a naɗe, kowace takarda lokaci na cika bai kai rabi ba. Darasin Falasɗinu bai ma fito ba a shekarar.

Ranar da aka karanta sakamako a filin lise, aka kira ni. Na tsaya ban yi murna ba, ina jira, har mai karantawa ya naɗe takardarsa. Abokina ya dafa ni da hagu ya ce, "Bawana ya ci, ai ni na ci." Na ce ya yi mini shiru ko in mare shi.

Bayan kwana kaɗan ubansa ya zo da hantsi, a kan jaki, da malafa a ka. Labari ya riga ya kai masa a daji, na faɗan da na jarrabawar duka. Da can in ya zo tun daga nesa yake fara tsokanar babana, yana tambaya ina bayinsa masu baƙin hannu. Ran nan kuwa sallama kawai ya yi. Babana ya ajiye guduma, ya sa aka daina zuga wuta, ya shimfiɗa masa buzu. Tsohon bai zauna ba.

Abokina ya fito daga zaure da jakarsa a kafaɗa, ya riga ya ɗaure kayansa tun jiya. Ya durƙusa ya gai da ubansa da Fillanci, ya ce da Hausa, don mu ma mu ji, alkawari ya cika, ya shirya, a tafi rijiya. Uban ya ce ya miƙo hannun. Ya warware tsumman da kansa, a hankali, ya daɗe yana kallo, yana juya shi ciki da baya. Sannan ya kwance igiyar wuyan jakinsa, ya sa masa a tafin, ya ce ya riƙe. Abokina ya matse da abin da ya rage masa, har jijiyar wuyansa ta tashi. Tsohon ya ja kaɗan, ja ɗin da ko ɗan akuya ya fi shi. Igiyar ta zame ta faɗi ƙasa.

Ya ɗauka ya sake sa masa, ya naɗa masa ita sau ɗaya a tafin, ya sake ja. Ta sake zamewa.

Babana ya kau da kai. Tsohon ya tsuguna a wurin, a gaban maƙera, mutane na wucewa zuwa kasuwa, ya ja malafarsa ya rufe fuska. Da ya yi magana muryarsa ta dushe, kuma da Hausa ya yi ta, ban san ko da ɗansa yake ko da mu ba.

Ya ce, "To yanzu ina zan kai ka?"

Abokina ya sunkuya ya ɗauki igiyar da hagu, ya tsaya yana riƙe da ita, yana jiran uban ya tashi.